Haya ko Saye: Yadda Ake Zaɓa Tsakanin Microsoft 365 da Office 2024

Duk ɗalibin da ya kai ajin ƙarshe a jami'a ko kwalejin ilimi ya san irin wannan labari, in bai faru da shi ba ya faru da abokin ɗakinsa. Yaro ya yi ta tari har ya sayi laftof tokumbo don rubuta furojet. Mai shago ya zuba masa Word da Excel da PowerPoint a matsayin gyara, ba a ma yi zancen lasisi ba. Aiki na tafiya lafiya lau. Ana saura kwana goma ya miƙa babi na huɗu, sai ya buɗe Word ya tarar da saƙo a saman shafi cewa manhajar ba ta da lasisi. Maɓallan sama duk sun dushe. Yana ganin rubutunsa, yana iya buga shi a takarda, amma ko waƙafi ba ya iya ƙarawa.

Da ya ɗauki waya ya shiga shafin Microsoft, sai ya ga hanyoyi biyu. Ɗaya ana biya duk wata ko duk shekara, sunanta Microsoft 365. Ɗayar ana biya sau ɗaya a wuce wurin, sunanta Office 2024. Darasin yau a kan waɗannan biyun yake, musamman ga matashin da mafi yawan aikinsa a waya yake yi, kwamfuta kuwa sai lokaci zuwa lokaci.

Mene ne ake biya wa kuɗin?

Microsoft 365 haya ce. Tsarinsa irin na dikoda ne: muddin kuɗi na shiga, tashoshi na buɗe, ranar da wa'adi ya cika kuma hoto ya ɗauke. Kamfanin ya fara wannan tsari a 2011 da sunan Office 365 don ma'aikatu, ya buɗe shi ga mutanen gida a 2013, sannan ya sauya masa suna zuwa Microsoft 365 a watan Afrilun 2020. Akwai nau'in mutum ɗaya, Personal, da na iyali, Family, wanda mutum shida za su iya rabawa. Kowane mutum yana samun Word da Excel da PowerPoint da Outlook da OneNote, yana iya buɗe su a na'urori biyar a lokaci guda, ko kwamfuta ce ko waya ko tablet, kuma yana da ma'adanar intanet ta OneDrive mai girman terabayit 1. Duk sabon abin da kamfanin ya ƙirƙiro, masu haya ne ke fara samu.

Office 2024 kuwa saye ne irin na da. Ya fito ranar 1 ga Oktoban 2024. Nau'in Home yana ɗauke da Word da Excel da PowerPoint da OneNote. Nau'in Home & Business ya ƙara da Outlook da kuma izinin amfani da shi wajen kasuwanci. Ana sauke shi a kan kwamfuta ɗaya tak, Windows ko Mac. Babu terabayit ɗin OneDrive a ciki, babu kuma sababbin fasahohi daga baya. Yadda aka saye shi haka zai zauna, sai dai gyare-gyaren tsaro da kamfanin ke turowa.

Abin da mai waya zai fara riƙewa

Nan ne mutane da yawa ke tafka asara. Office 2024 bai shafi waya ba kwata-kwata. Wanda ya biya kuɗinsa yana zaton Word ɗin wayarsa ma zai buɗe gaba ɗaya, ya yi kuskure. Lasisin na kwamfuta ne, a kwamfutar kuma ya tsaya. Idan mutum ba shi da laftof, zancen saye sau ɗaya ma bai taso ba.

Abu na biyu ya fi wannan daɗin ji. A kan waya, Word da Excel da PowerPoint kyauta ne ga ayyukan yau da kullum. Ƙa'idar Microsoft ita ce duk na'urar da faɗin fuskarta bai wuce inci 10.1 ba, mai ita zai iya buɗe sabon fayil, ya rubuta, ya gyara, ya adana, da asusun Microsoft na kyauta kawai. Kusan duk wayoyin da ke hannun matasa suna ƙasa da wannan ma'auni. Takardar neman aiki, jerin bashin shago, aikin gida na shafi uku, duk suna yiwuwa ba tare da an biya ko sisi ba. Asusun kyautar yana zuwa da gigabayit 5 na OneDrive, kuma da shi ake shiga Word na burauza a kowace kwamfuta mai intanet.

Inda kyautar ke tsayawa shi ne wajen ƙawata takarda mai tsawo. Raba takarda sashe-sashe, jera rubutu a ginshiƙai irin na jarida, juya shafi ɗaya ya kwanta don ɗaukar faffaɗan jadawali, sanya kan shafi daban-daban a wurare daban-daban, waɗannan suna cikin abubuwan da aka keɓe wa masu haya a manhajar waya. Mai furojet ya san muhimmancin na farkon, domin da raba sashe ne ake sa shafukan gabatarwa su ɗauki lambobin Romawa, sannan babi na ɗaya ya fara daga 1. Sai kuma masu babbar tablet da ta haura inci 10.1: su karantawa kawai za su yi, gyara sai da Microsoft 365.

Saboda haka kafin a tambayi wanne ya fi araha, a fara tambayar a kan wace na'ura ake aikin. Mai waya zalla da ke rubuta abubuwa gajeru, galibi ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikin biyun. Wannan amsar ba za ta fito a shafin talla ba, amma ita ce ta dace da kaso mai yawa na masu karanta wannan darasi.

Lissafin kuɗi

Farashi ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka sai kowa ya duba abin da shafin kamfanin ya nuna masa a ƙasarsa. Amma farashin Amurka ya isa a gane yadda lissafin yake. Office Home 2024 ya fito a kan dala 149.99, Home & Business kuma dala 249.99. Microsoft 365 Personal, tun daga Janairun 2025, dala 99.99 ne a shekara ko dala 9.99 a wata. Family dala 129.99 a shekara.

A aza su a sikeli. Mutum ɗaya mai laftof ɗaya, idan ya ɗauki Personal, cikin shekara ɗaya da rabi ya biya kuɗin Office Home 2024 cif. A shekara biyar ya kashe kusan dala 500, alhali wanda ya saya sau ɗaya yana nan a kan dala 150 ɗinsa, wato dala 30 a kowace shekara. In dai Word da Excel a kan kwamfuta ɗaya ne kawai buƙatar, saye ya yi wa haya fintinkau.

Amma lissafin yana juyawa da zarar an shigo da Family. Dala 129.99 a raba wa mutum shida, kowa bai kai dala 22 a shekara ba. A shekara biyar kowannensu ya biya kusan dala 108, ƙasa da kuɗin Office Home guda ɗaya, ga shi kuma kowa da nasa terabayit ɗin, da waya da laftof duk a buɗe. Gidan da ke da yaya a jami'a, ƙanwa a kwalejin jinya, ƙane a sakandare da uba mai aikin ofis, wannan tsarin ne ya fi musu sauƙi. Kowa da asusunsa da kalmar sirrinsa, babu mai leƙa fayil ɗin wani. Sharaɗin kawai shi ne a samu mutum ɗaya tsayayye mai biya a kan lokaci, domin ranar da katinsa ya gaza, duk shidan ne za su tsaya. An kuma tsara shi don 'yan gida ɗaya ne, ba don a riƙa sayar da gurbi ga baƙi ba.

Akwai wata hanya ta uku da ba a cika lura da ita ba. Tunda haya ana iya biyanta wata-wata, ba dole ne a riƙe ta shekara cur ba. Ɗalibin da aikin Word mai nauyi ke taso masa watanni uku na furojet kawai, zai iya biyan watanni ukun, kusan dala 30, ya gama ya rufe. Biyan wata-wata na tsawon shekara ya fi biyan shekara tsada da kusan dala 20, amma ga mai buƙatar ɗan lokaci shi ne mafi sauƙi.

Farashin haya ba a hannun ɗan haya yake ba

Duk lissafin da ke sama an gina shi ne bisa zaton farashi zai tsaya inda yake, kuma tarihi ya nuna ba ya tsayawa. Shekaru da dama Personal yana dala 69.99, Family yana dala 99.99. A Janairun 2025 kamfanin ya cusa Copilot, manhajarsa ta ƙirƙirarriyar basira, a cikin tsarin, ya ƙara dala 30 a kan kowanne. Wanda bai nemi Copilot ba ma ƙarin ya hau kansa. Akwai tsohon tsari mai suna Classic, marar Copilot, da aka bar wa tsofaffin masu biya a kan tsohon farashi, sai dai mutane da yawa ba su gan shi ba sai da suka danna maɓallin soke rajista. A kan wannan ne hukumar kula da gasa da kare masu saye ta Ostireliya ta kai Microsoft kotu a Oktoban 2025, tana zargin an ɓoye wa masu biya kusan miliyan 2.7 wannan zaɓi. A tsarin Family ma, Copilot ɗin na mai biyan kuɗi ne shi kaɗai, sauran biyar ɗin ba su da rabo.

Ga ɗan Najeriya akwai ƙarin nauyi. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma. Bayan da Babban Banki ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, ba a kai tsakiyar 2024 ba sai da dala ta haura naira 1,500. Duk abin da asalin farashinsa dala ne, ko da an rubuta shi da naira a shafi, wata rana zai bi sahu. Wanda ya saya sau ɗaya ya biya da canjin ranar da ya saya, ya huta. Ɗan haya kuwa duk shekara sai ya sake fuskantar canji. Mai karatu a Maradi ko Damagaram ya ɗan fi samun kwanciyar hankali ta wannan fuska, domin sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, ba ta irin wannan tsalle.

Sai matsalar kati. A 2022 bankuna da dama a Najeriya sun rage abin da katin naira zai iya biya a ƙetare zuwa dala 20 a wata, daga baya suka rufe gaba ɗaya, sai a tsakiyar 2025 wasunsu suka sake buɗewa. Tsarin da ke buƙatar kati ya yi aiki duk wata yana iya yankewa ba don mutum ya rasa kuɗi ba, sai don banki ya sauya doka.

Data ma kuɗi ce. Terabayit 1 abu ne mai daɗin faɗa, amma sai an loda kaya a ciki yake da amfani, lodawa kuma data take ci, ga shi hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a farkon 2025. Wanda ba shi da wayifai a gida ko a makaranta, da wuya ya cika ko kashi ɗaya cikin goma na wannan ma'adana, alhali wani babban yanki na kuɗin hayar ita yake biya wa. Haka kuma kwamfutar da ke kan Microsoft 365 tana buƙatar ta hau intanet aƙalla sau ɗaya a wata don a tabbatar rajistar na nan da rai. Office 2024 yana neman intanet wajen saukewa da kunna lasisi, daga nan zai iya aiki a ƙauyen da babu sabis.

Ranar da aka daina biya

Fayilolin da ke cikin kwamfuta ko waya ba sa ɓacewa don haya ta ƙare. Manhajar ce ke komawa yanayin kallo kawai, a buɗe a karanta a buga, ba gyara. Fayil ɗin Word ɗin nan kuwa za a iya buɗe shi da wata manhajar a ci gaba da aiki.

Hatsarin yana wajen OneDrive. Da haya ta yanke, ma'adanar tana komawa gigabayit 5. Wanda ya riga ya zuba gigabayit 200 na hotunan biki da bidiyon karatu, ya haura iyaka nesa ba kusa ba. Ba zai iya ƙara komai ba, ba zai iya gyara abin da ke ciki ba, kuma idan yana amfani da adireshin Outlook.com, aika saƙo da karɓa ma na iya tsayawa. Kamfanin ya bayyana cewa idan aka bar asusu a haka har watanni shida, yana iya goge abin da ke ciki. Sauke gigabayit 200 cikin gaggawa da datar waya ba ƙaramin aiki ba ne. Irin wannan ne ke sa mutum ya ci gaba da biyan hayar da ba ya so. Maganinsa tun farko shi ne duk abu mai muhimmanci, kamar takardun makaranta da furojet, a ajiye kwafinsa a filas ko a cikin kwamfuta.

Ɗaliban da makarantarsu ta ba su adireshin imel na hukuma su gwada shi a shafin ilimi na Microsoft, domin makarantun da suka yi rajista suna samar wa ɗalibansu Word da Excel na burauza kyauta. Amma asusun na makaranta ne. Bayan kammala karatu ana iya rufe shi, don haka a kwashe kaya kafin a tafi hidimar ƙasa.

Sayen ma yana da wa'adi

Masu talla kan kira Office 2024 na har abada. Gaskiya ne ba zai daina buɗewa ba, amma tallafin tsaronsa shekara biyar ne, zai ƙare a Oktoban 2029. Bayan nan duk ɓarakar da 'yan kutse suka gano a cikinsa ba za a toshe ta ba, kuma fayil ɗin Word ko Excel da aka turo ta imel ko WhatsApp tsohuwar hanya ce ta shigar da cuta cikin kwamfuta. Office 2016 da Office 2019 sun riga sun fita daga tallafi ranar 14 ga Oktoban 2025, rana ɗaya da Windows 10. Wa'adin Office 2021 kuma 13 ga Oktoban 2026 ne. Don haka idan mai shago ya miƙo kwalin 2019 ko 2021 da ragin farashi, a san cewa kaya ne da kwanansa ya ƙare ko ya kusa. Idan sabon zubi ya fito kuma, babu rangwame ga mai tsohon, cikakken kuɗi zai sake biya.

Tsufan manhaja yana bayyana a wurin aiki ma. Misali, Excel 2019 bai san XLOOKUP ba, dabarar da ake binciko bayani da ita a cikin jadawali, wadda ta shigo zubin saye a Office 2021. Idan wani ya turo fayil da ya yi amfani da ita, mai tsohon Excel zai ga kuskure a cikin akwatin da zarar lissafin ya sake gudana. Ga mai buga wasiƙa wannan ba komai ba ne. Ga matashin da ke koyon nazarin bayanai don neman aiki ta intanet, yana bin darussan YouTube da ake yi da sabon Excel, wannan dalili kaɗai ya isa ya karkata zuwa haya.

A kuma duba kwamfutar kafin a biya. Tun daga zubin 2019, Office ba ya sauka a kan Windows 7 ko Windows 8, kuma har yanzu akwai tokumbo masu ɗauke da su.

Lasisin naira dubu biyar

A shafukan sada zumunta ana tallar lambar lasisin Office a kan kuɗin da bai kai na katin waya na wata ba. Abin da kamfani ya fitar a kan dala 150 ba zai zo a haka ta halastacciyar hanya ba. Yawanci lambobi ne na manyan ma'aikatu ko makarantu da aka fitar ana sayar wa mutane da yawa, ranar da aka gano sai a kashe su. Wasu kuma asusu ne ake bayarwa da suna da kalmar sirri, a ce 365 ne na har abada, alhali babu irin wannan a kasuwa. Wannan ya fi muni, domin asusun na ƙarƙashin wata ma'aikata ce da mai saye bai sani ba, kuma mai kula da ita na da ikon rufe shi ko shiga abin da aka adana a ciki.

Sai ƙananan manhajojin fasa lasisi da ake zubawa a wajen gyara. Suna kwaikwayon tsarin KMS ne, wanda ma'aikatu ke kunna kwamfutocinsu da shi na kwana 180 a sabunta. Kafin a sa su galibi sai an kashe manhajar tsaron kwamfuta, kuma an sha samun masu satar kalmar sirri a ɓoye cikin irinsu. Laftof ɗin da ake shiga banki da imel da ita ba wurin wannan caca ba ne.

Wanda ba shi da kuɗin ko ɗaya yana da mafita ta halal. LibreOffice kyauta ne gaba ɗaya, gidauniyar The Document Foundation ke kula da shi tun 2010, yana aiki ba intanet, yana buɗe fayilolin Word da Excel yana kuma adanawa a tsarinsu. Zai iya ɗaukar furojet daga shafin farko har na ƙarshe, har da lambobin Romawa da jerin abubuwan da ke ciki. Google Docs ma kyauta ne, da gigabayit 15 da ake rabawa tsakanin Gmail da Drive da Photos, kuma ya fi dacewa da aikin rukuni inda mutum huɗu ke rubutu a takarda ɗaya. WPS Office, na kamfanin Kingsoft na ƙasar Sin, yana cikin wayoyi da yawa, nau'insa na kyauta yana zuwa da talla. Raunin su duka ɗaya ne: takardar da aka tsara a ɗayansu, in aka buɗe ta a Word na shagon buga takardu, wani lokaci jadawali ya goce ko shafi ya ƙaru. Ana kauce wa haka ta hanyar mayar da aikin PDF kafin a kai bugu, sai a riƙe na Word ɗin don gyaran malami.

Mai shagon buga takardu ko ƙaramin ofis ya lura da abu guda: Office Home 2024 da Personal da Family duk na amfanin gida ne a ƙa'idar lasisinsu. Na kasuwanci shi ne Home & Business ko tsarin 365 na 'yan kasuwa. Ga shago mai kwamfuta ɗaya da ke buga wasiƙu da takardun makaranta, inda aikin bai canja ba shekara da shekaru, Home & Business ya fi dacewa da shi.

Wanda kuma ya yanke shawarar gwada haya, akwai wata ɗaya na gwaji kyauta, amma sai an shigar da kati, kuma ranar da watan ya cika za a cire kuɗi ba tare da an sake tambaya ba. A ranar da aka yi rajistar, a shiga account.microsoft.com, a buɗe sashen rajistoci, a kashe sabuntawa ta kai-tsaye. Manhajar za ta ci gaba da aiki har ƙarshen wa'adin da aka riga aka samu. Idan ta cikin manhajar waya aka biya, to a Play Store ko App Store rajistar take, can za a je a kashe ta, domin goge manhajar daga waya ba ya hana a ci gaba da cire kuɗin.